Ina ake shigar da faktocin hayaniya a gwajin Taguchi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a injiniyan ƙere-ƙere, aikina a kan murfin robar man shafawa ne da wata masana'anta a Kano take bugawa da robar PP (polypropylene). Faɗinsa ya kamata ya zama milimita 80, amma wani ya matse, wani ya yi sako-sako. Na ɗauki faktoci huɗu, zafin narkakkiyar roba, saurin tura ta cikin mazubi, matsin riƙo da lokacin riƙo, kowanne mataki uku, na sa su a L9, wato jadawalin gwaji mai layi tara, cikin manhajar Minitab, na buga murfi ɗaya a kowane layi na auna. Ban ga inda ake shigar da faktocin hayaniya ba, wato abubuwan da ke sauya sakamako amma ba a riƙe da su a aikin yau da kullum, manhajar ta ƙi ba ni S/N (lambar auna juriyar saiti ga hayaniya) na Nominal is best, zaɓin da ake yi idan takamaimiyar lamba ake nema, teburin ANOVA mai nuna ƙarfin tasirin kowane fakta kuma taurari kawai ya fito da su maimakon lambobi. Abokina ya ce in zaɓi Larger is better, wato mafi girma ya fi kyau, da na yi sai lambobi suka fito. In ci gaba da su?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ci gaba da su. Ƙin da manhajar ta yi da farko ya fi shawarar abokinka gaskiya, kuma da alƙalami kaɗai za ka iya tabbatar da haka. Lissafin Larger is better shi ne −10 log na matsakaicin 1/y², inda y shi ne awon da aka samu. Idan awo ɗaya ne a layi, lissafin ya koma 20 log y ke nan. Murfi mai faɗin 80.00 zai ba ka desibel 38.06, mai faɗin 80.30 ya ba ka 38.09. Faɗin murfin ne kawai aka rubuta da wani ma'auni, babu labarin juriya a ciki ko kaɗan. Abin da ya fi muni, manhajar za ta nuna maka saitin da ke fitar da murfi mafi faɗi a matsayin mafi kyau, wato wanda zai fi kowanne yin sako-sako a bakin robar. Shi kuwa Nominal is best yana raba murabba'in matsakaici da murabba'in warwatsuwar awo, kuma awo ɗaya ba shi da warwatsuwa. Da me za a raba?

Matsalar ba a manhaja take ba, tun wajen tsara gwajin aka baro ta. Jadawalin nan na L9 ba shi ne abin da injiniyan Japan Genichi Taguchi ya kawo ba. Tsara gwaji ta hanyar lissafi R. A. Fisher ya assasa shi a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila tun shekarun 1920, irin waɗannan jadawalai kuma C. R. Rao ya yi bayaninsu a 1947. Abin da Taguchi ya kawo tambaya ce: idan akwai abin da ke ɓata maka kaya, kuma kawar da shi yana da tsada, akwai wani abu mai araha a hannunka da za ka sauya yadda ɓarnar za ta daina kama kayan? A 1953 kamfanin tayil na Ina Seito a Japan ya sha fama da tayil da ba ya fitowa girma ɗaya, saboda zafin da ke gefen tulin a cikin murhun gashi ba ɗaya yake da na tsakiya ba. Sake gina murhun kuɗi ne masu yawa. Sai aka bar murhun yadda yake, aka yi gwaji a kan haɗin yumɓun, aka gano cewa ƙara garin farar ƙasa daga kashi 1 zuwa kashi 5 cikin ɗari yana rage bambancin girman sosai. Abin lura shi ne, kowane haɗi da aka gwada an auna tayil ɗinsa daga wurare daban-daban na murhun. Wurin da tayil ya zauna a murhu shi ne hayaniyar. Da tayil ɗaya suka auna a kowane haɗi, da ba su ga komai ba, kuma abin da ka yi ke nan da murfinka.

Saboda haka rufe kwamfutar tukuna, ka koma masana'antar. Ka sami ofaretan da ya fi daɗewa a kan injin ka tambaye shi yaushe murfin ya fi ba su wahala. Ba zai ce maka "fakta" ba, amma zai ce da rana tsaka ne, ko in an canza buhu, ko in an koma kan janareta, ko ramin da ke can ƙarshen mazubi ne kullum yake ba da matsala. Jerin hayaniyarka ke nan. A irin wannan aiki uku ne nake fara zargi: yawan niƙaƙƙiyar tsohuwar roba da ake gauraya wa sabuwa, zafin ruwan da ke sanyaya mazubi, da bambancin ramukan mazubin in yana fitar da murfi fiye da ɗaya a bugu guda. Na ruwan ba ƙaramin abu ba ne a garin da zafin Afrilu yakan kai digiri 40, sanyin asubar Janairu kuma ya sauka ƙasa da 15, musamman in masana'antar ba ta da injin sanyaya ruwa mai ƙarfi. Za ka ga takardun bincike da yawa suna sa danshin roba cikin hayaniya. Kada ka kwafo shi don ka gan shi a takarda. PP ba ya shan ruwa kamar nailan ko PET. Sai dai in niƙaƙƙiyar robar wankakkiya ce kuma ba a bari ta bushe sosai, to a nan ya cancanci shiga.

Babu faktan da aka halitta shi hayaniya. Abin da ke raba su shi ne wa ke riƙe da shi a ranar aiki ta yau da kullum, lokacin da ba ka nan. Ɗauki niƙaƙƙiyar roba. Idan mai masana'anta zai iya cewa daga yau kashi 20 za a riƙa sawa, kuma a bi, to fakta ne na hannu, wurinsa cikin jadawali. Idan kuwa abin da kasuwa ta kawo shi ake zubawa, yau kaɗan gobe da yawa, hayaniya ne. Wannan hukunci ba na manhaja ba ne, ba ma naka ba ne kai kaɗai, sai ka zauna da manajan samar da kaya. Amma a ranar gwaji dole hayaniyar ta dawo hannunka. Kai za ka auna niƙaƙƙiyar a sikeli ka gauraya, kai za ka ɗaga zafin ruwan da gangan, ka sa ma'aunin zafi a jikin mazubi ka rubuta abin da ka gani. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, haka ba a san saiti mai juriya ba sai an tsananta masa.

A nan ɗalibai da yawa suke yaudarar kansu. In an ce musu awo ɗaya bai isa ba, sai su kwashi murfi biyar da suka fito a jere cikin minti biyu, su zuba a ginshiƙi biyar. Manhaja za ta karɓa, S/N zai fito ƙato, kowa ya ji daɗi. Amma murafan nan biyar roba ɗaya suka sha, ruwa ɗaya, wuta ɗaya. Ɗan bambancin da ke tsakaninsu yawanci na ma'auninka ne. Ba shi ne bambancin da ke sa dillali ya dawo da kaya ba.

Matakan hayaniya biyu sun isa: ƙarshe da ƙarshe na abin da ake gani da gaske a wurin aiki, ba ranar da komai ya lalace ba. In kana son rage yawan gwaji, akwai dabarar haɗe su wuri guda. Duk yanayin da ke tsuke murfi ka tara shi ka kira shi N1, duk wanda ke barinsa da faɗi ka kira shi N2. Mazubi mai ɗumi yana sa PP ya huce a hankali, ya ƙara tsukewa, don haka ruwan ɗumi ɓangaren N1 yake. Niƙaƙƙiyar roba ce ba zan yanke maka ɓangarenta daga nan ba, domin ya danganta da abin da aka niƙa. Ka gwada: bar injin a saitin da aka saba, ka yi bugu a yanayi huɗu, ruwan sanyi da ruwan ɗumi, kowanne da niƙaƙƙiya kaɗan da kuma mai yawa. Idan ka haɗa su a baibai, ɗaya zai tsuke ɗaya ya buɗe, su kashe juna, sai N1 da N2 su fito kusan ɗaya, ka ɗauka kowane saiti mai juriya ne. Ramukan mazubi kuma kada ka gauraya su a buhu ɗaya. Yawanci akwai lambar rami a jikin murfin. In babu, ka yi alama da maka tun yana da ɗumi.

Yanzu faktocin hannu. Guda huɗun da ka zaɓa suna da ma'ana, matakansu ne nake son ka sake dubawa. Sa saitin da masana'antar ke amfani da shi yau a tsakiya, domin ka sami abin kwatantawa, sannan ka buɗa sama da ƙasa da tazara ɗaya. A zafin roba, misali, 210, 230 da 250 duk suna cikin iyakar da ake buga PP. In tazarar ta yi kaɗan tasirin faktan zai nutse cikin kuskuren awo. In ta yi yawa wani layin ba zai ba ka murfi ba sam. Duba layin farko na L9: 1, 1, 1, 1 ne. Idan ka jera kowane fakta daga ƙarami zuwa babba, layin nan ya zama roba mafi sanyi, turawa mafi sanyin jiki, matsi mafi rauni, riƙo mafi gajarta, duk a lokaci guda. Akwai yiwuwar mazubin ba zai cika ba. Layi ɗaya ya faɗi a L9, daidaiton jadawalin gaba ɗaya ya rushe, domin kowane mataki sau uku kawai yake bayyana. Kafin ranar gwaji ka karanta layukan ɗaya bayan ɗaya tare da ofareta, ya nuna maka wanda ba zai cika ba da wanda roba za ta tsatso ta bakin mazubi. Ka matso da matakan, ko ka juya jerin wani fakta ya fara daga babba.

Lokacin riƙo yana da nasa sha'ani, kuma shi na fi son ka ba lokaci. Matsin riƙo yana aiki ne muddin 'yar ƙofar da roba ke bi ta shiga ramin ba ta daskare ba. Da zarar ta daskare, ko ka riƙe minti guda babu abin da zai ƙara shiga. Idan ƙofar tana daskarewa a daƙiƙa 4, kai kuma ka zaɓi 6, 8 da 10, manhaja za ta ce maka lokacin riƙo ba shi da tasiri, ka rubuta haka a kundinka, alhali matakanka ne suka wuce wurin. Gano lokacin ba wuya: ka riƙa ƙara daƙiƙa ɗaya-ɗaya kana ɗora murfin a sikeli mai karanta ɗigon giram, inda nauyin ya daina ƙaruwa nan ƙofar ta rufe. Sai ka sa mataki ɗaya ƙasa da wurin, ɗaya daidai, ɗaya sama. To amma roba mai zafi tana jinkirta daskarewar ƙofa. Ma'ana tasirin lokacin riƙo ya dogara da zafin roba, haka kuma ya dogara da matsin riƙo. Wannan shi ne haɗin baki tsakanin faktoci, kuma shi ne L9 ba ya iya gani.

A L9 haɗin bakin kowane ginshiƙi biyu yana zubewa ne a kan sauran biyun. Na ginshiƙi na 1 da na 2 yana kan na 3 da na 4. Tunda ka cika duka huɗun, haɗin bakin matsi da lokacin riƙo ya ɓuya cikin abin da kake kira tasirin zafi da tasirin sauri, babu kuma lissafin da zai raba su bayan an gama. Taurarin ANOVA ma daga cika jadawalin suka fito. Layi tara guraben bayani tara ne. Matsakaici ya ci ɗaya, saura takwas. Kowane fakta mai mataki uku yana cin biyu, huɗu sau biyu takwas. Babu ko ɗaya da ya rage a auna kuskure da shi, don haka babu F, babu p, lambobin da ke nuna ko tasirin fakta na gaske ne. Kuma ka sani, ƙara ginshiƙan hayaniya ba zai magance wannan a binciken S/N ba, domin kowane layi S/N ɗaya yake bayarwa ko awo nawa ka zuba masa. Wasu sukan cire faktan da ya fi rauni su mayar da gurabensa na kuskure. Ana yi, amma wanda ya zaɓi mafi ƙanƙanta bayan ya ga sakamako ya riga ya karkatar da ma'aunin, ragowar faktocin za su yi kama da masu ƙarfi fiye da yadda suke.

Idan sashenku ya dage sai jadawalin Taguchi, koma L18. Yana ɗaukar fakta ɗaya mai mataki biyu da har bakwai masu mataki uku, kuma haɗin bakin ginshiƙansa masu mataki uku yana bazuwa ne a kan sauran maimakon ya taru a kan guda. A Minitab yana ƙarƙashin Mixed Level Design, don haka kana buƙatar fakta mai mataki biyu. Lokacin hucewa a mazubi, gajere da dogo, zai dace. Shi da huɗun naka sun ci gurabe 9 cikin 17, saura 8 na kuskure.

Shigarwar kanta ba ta da yawa. A Minitab ka shiga Stat, sai DOE, sai Taguchi, sai Create Taguchi Design. Ka zaɓi nau'in jadawali da yawan faktoci, a Designs ka ɗauki jadawalin, a Factors ka rubuta sunaye da matakai. Rubuta ainihin lambobin da za a saita a injin, ka sa ma'aunin a jikin sunan, kada ka bar 1, 2, 3 da A, B, C. Takardar nan ofareta zai riƙe a tsaye cikin ƙarar injina, in sai ya fassara "B2" a kansa za a yi kuskure, kuma ba za ka taɓa sani ba. A wurin ne kuma kake zaɓar ginshiƙin kowane fakta. Ginshiƙan farko su suka fi jinkirin canzawa, a L9 na farko 1, 1, 1, 2, 2, 2, 3, 3, 3 yake tafiya, saboda haka faktan da ya fi wahalar sauyawa ake ba su. A wurinka zafin roba ne, tunda in ka taɓa shi sai ka jira bututun ya daidaita, ka kuma zubar da bugun farko-farko. Akwai wani akwati na ƙara Signal factor. Bar shi. Na tsarin da ake son sakamako ya riƙa bin umarnin mai amfani ne, kamar birki da ƙarfin taka shi, murfinka kuwa lamba ɗaya ake nema. Na faɗi haka ne domin a JMP, wata manhajar irin Minitab, kalmar Signal faktocin hannu take nufi a tsarin Taguchi, kuma wanda ya koyi ɗaya ya koma ɗaya yakan rikice.

Inda ka nema ka rasa, wato wurin hayaniya, babu shi a wannan taga. Minitab jadawalin ciki, wato na faktocin hannu, kawai yake gina maka. Hayaniya tana shiga ne a matsayin ginshiƙan sakamako: bayan ginshiƙan faktoci ka buɗe ɗaya ka sa masa N1, wani N2, in kana bin ramuka biyu su zama huɗu. Kowane layi a buga shi a kowane yanayi. Idan ka zo Analyze Taguchi Design sai ka zaɓi ginshiƙan nan duka tare a matsayin sakamako. JMP shi yana barinka ka ayyana faktocin Noise tun farko ya gina jadawalin waje, wato na hayaniya, amma lissafin ɗaya ne.

Jadawalin a jere yake fitowa, ba a cakuɗe ba. In ka bi shi daga sama har ƙasa, mataki na 1 na zafi zai faɗo da safe, na 3 da la'asar, sai ɗumamar injin da ta gari su shiga cikin tasirin zafi. Cakuɗa abin da za ka iya: a cikin kowane rukunin zafi ka jefa ƙuri'a a kan jerin layukan, rukunan ma kada ka bi su daga ƙasa zuwa sama. Ka buɗe ginshiƙi ka rubuta jerin da aka bi da lokacin kowane bugu. Kuma ka riƙe a ranka cewa faktan da aka sauya sau uku kacal bai sami gwaji irin na sauran ba, p ɗinsa zai yi kyau fiye da yadda ya cancanta. Shi kuwa yanayin ruwa, babu laifi ka gama duk layukan a N1 yau, gobe ka yi N2, muddin buhunan roba ɗaya ne. Bambancin yau da gobe zai shiga cikin hayaniya ne, can ne ma wurinsa.

Awo: PP yana ci gaba da tsukewa bayan ya fito daga mazubi. Wanda ka auna da zafinsa da wanda ya kwana ba za su zo ɗaya ba. Tsayar da lokaci, awa 24 ko 48, a ɗaki ɗaya, mutum ɗaya, ma'auni ɗaya. Murfi yakan ɗan yi ƙwai, don haka auna ta fuska biyu a gicciye. Kafin komai ɗauki murafai goma, wani ya ɓoye lambobinsu, ka auna kowanne sau uku. In bambancin hannunka ya kusa bambancin da kake nema, ma'auni za ka fara gyarawa.

Ga yadda sakamakon zai yi magana in an tsara shi daidai. A ce wani layi ya ba da 79.70 a N1 da 80.30 a N2. Matsakaicinsa 80.00 cif, S/N ɗinsa 45.5. Wani layin ya ba da 79.55 da 79.75, matsakaici 79.65, S/N 55.0. Mai kallon matsakaici zai rungumi na farko, alhali shi ne ciwon da masana'antar ke fama da shi: rabin kaya ya matse, rabi ya yi sako-sako. Na biyu bai kai 80 ba, amma hayaniya ta motsa shi da 0.20 ne kawai maimakon 0.60, kashi ɗaya cikin uku ke nan. Kowane ƙarin desibel 6 yana nufin warwatsuwa ta ragu da rabi. Shi ya sa ake aikin hawa biyu. Da farko a zaɓi matakan da ke ɗaga S/N. Sannan a nemi faktan da ke motsa matsakaici ba tare da ya taɓa S/N sosai ba, a tura faɗin da shi zuwa 80. Sau da yawa matsin riƙo ne ke yin wannan aiki, amma bari lambobinka su faɗa. In babu irin wannan fakta, akwai gyaran ƙarfen mazubin kansa, wanda sau ɗaya ake yi. A Options za ka ga Nominal is best guda biyu, mai 10 log na ȳ²/s² da mai −10 log na s² (ȳ matsakaici ne, s warwatsuwa). Na biyun an tanade shi don awon da kan iya zama sifili ko ƙasa da sifili. A murfinka, da matsakaici bai motsa ko kashi ɗaya cikin ɗari ba, kusan jeri ɗaya za su ba ka.

Ni dai ba na tsayawa a S/N. George Box ya yi masa suka a 1988 cewa yana cakuɗa matsakaici da warwatsuwa a lamba ɗaya, kuma ba kowane irin bayani ne cakuɗin ya dace da shi ba. Ina ganin yana da gaskiya. Manhajar tana ba ka teburin matsakaici daban, na warwatsuwa daban, ka duba su ukun. Kuma da ni ne mai duba aikinka, wata hanyar zan ɗora ka a kai, wadda masana lissafi suka fito da ita a farkon shekarun 1990: a zuba faktocin hannu da na hayaniya a jadawali ɗaya. Faktocinka huɗu da hayaniya biyu, niƙaƙƙiya da ruwa, shida ke nan. A mataki biyu-biyu cikakken gwaji 64 ne, rabinsa 32, kuma rabin nan yana ware tasirin kowane fakta da haɗin bakin kowane biyu ba tare da sun hau juna ba. L18 sau biyu 36 ne, ka ga ba ka ƙara wa masana'anta nauyi ba. Ribar ita ce za ka san wane fakta ne ke maganin wace hayaniya. Ka zana faɗin murfi a kan zafin ruwa, layi ɗaya na gajeren riƙo, ɗaya na dogo. In na dogon ya kwanta, na gajeren ya gangara, ka ga juriya da idonka, kuma za ka iya yi wa manaja bayaninta ba tare da ka ambaci desibel ba. Ana gina shi a Create Factorial Design, shi yana cakuɗa jerin da kansa. Ƙara 'yan gwaje-gwaje a tsakiya domin ka ga ko akwai lanƙwasa, tunda lokacin riƙo ba miƙaƙƙe yake tafiya ba.

Idan wani ɓangare na aikin a manhajar kwaikwayo za ka yi shi, irin Moldflow ko Moldex3D, maimaita layi ba shi da amfani, lamba ɗaya za ta dawo maka, cakuɗa jeri ma haka. A can hayaniya ba ta shiga sai ka shigar da ita da hannu, ka sauya zafin ruwan da bayanan robar a kowane yanayi. Kada kuma ka sake saƙar ragar lissafin (mesh, ƙananan sassan da manhajar ke raba siffar murfin) tsakanin layi da layi, in ba haka ba bambancin raga za ka auna.

Saitin da za ka zaɓa a ƙarshe da wuya ya kasance cikin layukan da ka buga, haɗo shi za a yi daga mafi kyawun matakin kowane fakta. Predict Taguchi Results zai ba ka hasashen S/N da matsakaicinsa, amma hasashen ya ginu ne a kan cewa tasirin faktoci tarawa kawai ake yi, babu haɗin baki. Sai ka koma kan injin ka buga sabon saitin da tsohon saitin masana'anta a rana ɗaya, kowanne a N1 da N2, ka kwatanta ribar da aka yi hasashe da wadda ta fito. In an yi hasashen desibel 8 ka sami 6 ko 7, aiki ya yi. In ka sami 1, haɗin baki ya cinye hasashen, kuma na matsi da lokacin riƙo zan fara tuhuma. Ka rubuta shi yadda ya fito, mai jarrabawar da ya san aikin ya fi yarda da wannan a kan teburin da komai ya yi daidai.

Murafai taran da ka riga ka buga kada ka zubar, sun nuna maka layukan da ke cika mazubi da inda faɗin yake kaiwa. Kafin ka sake neman injin na yini guda, yi ƙananan gwaje-gwajen nan biyu, na nauyin murfi da lokacin riƙo, da na yanayi huɗu na ruwa da niƙaƙƙiya. Ka turo min lambobin tare da yawan ramukan mazubin, da su za mu yanke matakan.